Sayar da Tsohon Babur Kafe Resa: Goge Tabo da Waya Asara Ce

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen babura a Facebook Marketplace ko eBay na ƙasar Birtaniya ya san irin wannan tallar. Babur ne ƙirar Triumph Thruxton, an jingine shi a jikin bangon jan bulo da yamma liƙis, rana na haska tankin mai kamar yau ya fito daga kamfani. Hotuna goma, kowanne ya fi ɗan'uwansa kyau. Sai dai a cikin goman babu ko ɗaya da ya nuna mitar da ke ƙirga tafiya, babu wanda ya nuna sarƙa, babu wanda aka matso kusa da inji. A ƙasa kuma layi biyu kacal: lafiyarsa ƙalau, sai wanda ya shirya.

Mai wannan talla yana ganin ya yi dabara. Babur ɗin ya sha hanya, ya ci shekaru, yana da ƙwarzane a gefen tanki da tsatsa a wuyan salansa, shi kuma ya samo kusurwar da za ta rufe duk wannan. Alhali kuɗinsa yake ragewa da hannunsa. A yau mai saye ma yana riƙe da waya, kuma abin da aka ɓoye a hoto zai iya tono shi cikin minti biyu. Wanda zai sayar da babur ɗin da ya daɗe yana hawa, abin da ya fi kawo masa ciniki shi ne ya mayar da kyamarar wayarsa mai ba da shaida, ta nuna tsufan babur ɗin dalla-dalla tare da hujjar cewa an kula da shi.

Daga ina kafe resa ya samo asali?

Sunan ya fito ne daga shagunan shan shayi na bakin hanya a Ingila, a shekarun 1950 da 1960. Mafi shahara a cikinsu shi ne Ace Cafe da ke kan titin North Circular a arewa maso yammacin Landan. An buɗe shi a 1938 domin direbobin manyan motoci, bom ya lalata shi a Yaƙin Duniya na Biyu, aka sake gina shi a 1949. Da yake yana kwana a buɗe, sai ya zama matattarar samari masu babura. Burinsu ɗaya ne, babur ya kai gudun mil 100 a awa, wato kusan kilomita 160. Labarin da ake yawan bayarwa shi ne a saka faifan waƙa a na'urar kiɗa ta shagon, mutum ya figi babur ya je wani wuri da aka ayyana ya dawo kafin waƙar ta ƙare.

Waɗannan samari ba su da kuɗin sayen babur ɗin tsere, don haka suka riƙa ƙera nasu. Su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su sauke hannun babur ƙasa ta yadda mahayi zai kwanta a kan tanki, su mayar da wurin sa ƙafa baya, su sa ɗan siririn sirdi mai tozo na mutum ɗaya. Wasu har haɗa kamfani biyu suke yi, su ɗauki injin Triumph su dasa a firam ɗin Norton, abin da ya haifar da babur ɗin da ake kira Triton. Ace Cafe ya rufe a 1969, bai dawo da cikakken aiki ba sai 2001.

A daidai wannan lokaci ne kamfanoni suka fahimci akwai kasuwa a begen wancan zamani. Triumph ya fitar da Thruxton 900 a 2004, da sunan filin tseren Thruxton da ke Hampshire, inda baburansa suka cinye matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a tseren mil 500 na 1969. Ducati ya kawo jerin SportClassic, BMW ya yi R nineT Racer, Royal Enfield na Indiya ya fito da Continental GT 535 a 2013, sannan mai lamba 650 a 2018. Dukkansu sababbin babura ne da aka yi wa shigar tsofaffi.

Tsufan kamfani da tsufan hanya

Thruxton misali ne mai kyau na yadda wannan shiga ta yi nisa. Na farkon suna amfani da kafireta ne, tsohuwar hanyar gauraya fetur da iska. Daga wajen 2008 dokokin hayaƙi na Turai suka sa kamfanin ya koma tsarin fesa mai da ƙaramar kwamfuta ke sarrafawa. Amma da yake masu saye suna son kamannin da, sai aka ƙera sabon tsarin da siffar kafireta. Wanda ya kalli injin daga waje zai rantse tsohon yayi ne, alhali lantarki ne ke aiki a ciki.

Ma'ana, mutane sun biya kuɗi domin su sami babur mai kama da wanda ya ga jiya. To yau Thruxton ɗin 2004 ya haura shekara 20 a duniya, na 2010 ya kai 15. Sun tsufa da gaske. Fentin ya dushe a inda gwiwa ke gogar tanki, robar hannu ta suɗe, ƙarfen salansa ya sauya launi saboda zafi. Kuma a nan ne masu su ke jin kunya, suna ɓoye ainihin abin da aka sayi babur ɗin don a kwaikwaya.

Wannan kuskure ne wajen fahimtar mai saye. Wanda ke neman tsohon kafe resa mai injin 865cc da iska ke sanyaya shi ya san sarai cewa kamfanin ya daina yin irinsa tun 2016, lokacin da aka maye gurbinsa da mai 1200cc da ruwa ke sanyayawa, wanda shi ma aka yi masa fitowar bankwana a 2024. Ya san na hannu zai saya. Tambayar da ke ransa ita ce: yaya wannan babur ya tsufa, a hannun mai kula ko a hannun mai sakaci? Talla mai hotuna goma na yamma liƙis ba ta amsa masa komai ba.

Waya ta sauƙaƙa ɓoyewa, ta kuma sauƙaƙa tonawa

A da, wanda zai rufe tabo a jikin babur sai ya je wajen mai fenti. Yanzu yatsa ɗaya ya isa. Samsung ya kawo Object Eraser a 2021, Google ya biyo da Magic Eraser a kan Pixel 6 a shekarar, Apple kuma ya ƙara Clean Up a iOS 18.1 a 2024. An yi waɗannan manhajoji ne don a cire mai wucewa daga hoton biki, amma yadda suke share mutum haka suke share ɗigon baƙin mai a ƙarƙashin inji, ko lotsawa a gefen tanki. Ko ba a taɓa su ba, kyamarar waya da kanta tana ƙara haske da kaifin launi kafin ta nuna hoto, tsarin ɗaukar hoton fuska kuma yana dusashe duk abin da ba ya tsakiya. Sai a ga tanki fes, sarƙa da birkin baya sun narke cikin hazo.

To amma mai saye a Ingila yana da nasa makamin, kuma kyauta ne. Kusan duk babur ɗin da ya kai shekara uku dole a kai shi gwajin lafiya na shekara-shekara da ake kira MOT. A kowane gwaji ana rubuta adadin mil ɗin da mita ta nuna, da ko ya ci ko ya faɗi, da dalilin faɗuwar, da gargaɗin da mai gwajin ya yi a kan abin da ya kusa lalacewa. Duk wannan yana shafin GOV.UK, har gwaje-gwajen da aka yi tun 2005, kuma lambar babur kawai ake bukata a buɗe shi. Idan mai talla ya ce babur ɗinsa ya yi mil 12,000, shafin kuma ya nuna mil 30,000 shekara uku da suka wuce, magana ta ƙare. Idan ya ce bai taɓa ba shi matsala ba, shafin ya nuna an yi gargaɗi a kan sarƙa shekara biyu a jere, mai saye ya gane irin wanda yake hulɗa da shi.

Da ɗan kuɗi kaɗan kuma akwai binciken da kamfanoni irin su HPI ke yi, wanda ke nuna ko akwai bashin banki a kan babur, ko an kai rahoton sace shi, ko kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa gyaransa bai dace ba bayan haɗari. Mai sayarwa da ya rufe lambar babur ɗinsa a hoto, ya kuma ƙi bayar da ita idan an tambaya, ya riga ya faɗi wani abu game da kansa. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, intanet kuma ta ƙara rage masa zurfi.

Yadda shakka ke karya farashi

Akwai wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, da ya yi rubutu a 1970 a kan kasuwar motoci na hannu, aikin da ke cikin abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001. Amurkawa na kiran mota mai ɓoyayyen aibi lemun tsami. Abin da ya nuna shi ne, idan mai saye ba zai iya bambance mota mai lafiya da mai aibi ba, zai taya kowacce da farashin tsaka-tsaki don ya kare kansa. Mai mota mai kyau sai ya ga an raina kayansa ya janye, kasuwa ta cika da marasa kyau, farashi ya ƙara faɗuwa.

Wannan shi ne ke faruwa da mai kafe resa ɗin da ya kula da babur ɗinsa amma ya yi talla irin ta kowa. Ya juye mai a kan lokaci, ya canza sarƙa, ya ajiye shi a gareji, sannan ya ɗora hotuna masu hazo da layi biyu, daidai da abin da mai sakaci zai ɗora. Mai saye ba shi da hanyar raba su, don haka zai taya su duka da farashin shakka. Mai sakaci ya ci riba, mai kula ya yi asara.

Mafita ita ce a kawo shaidar da mai sakaci ba zai iya kwaikwaya ba. Kowa zai iya rubuta lafiyarsa ƙalau. Tarin rasit na shekara goma kuwa, ko bidiyon inji yana tashi da sanyin safiya ba tare da an yanka ba, sai wanda yake da su.

Yawan mil ba shi ne cuta ba

Abin da ya fi sa masu sayarwa ɓoye mita shi ne tsoron lamba. A ce babur ya yi mil 40,000, kusan kilomita 64,000, a cikin shekara 15. Idan aka raba, bai kai mil 2,700 a shekara ba. Injin da ke samun baƙin mai mai kyau a kan kari, ana duba tazarar bawul ɗinsa yadda littafin kamfani ya ce, wannan tafiya ba ta cinye shi ba.

Akasin haka, babur ɗin da ya yi shekaru a kulle yana da nasa ciwon da mita ba ta nunawa. Roba tana bushewa ta tsage, daga tayoyi har zuwa zoben da ke riƙe mai a shokozoban gaba. Man birki yana jan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi kusan duk shekara biyu ko an hau ko ba a hau ba. Batir yana mutuwa. Fetur ɗin da ya daɗe a kafireta yana zama ƙaro ya toshe ƙananan ƙofofinta. Tun watan Satumba na 2021 kuma, fetur ɗin da aka fi sayarwa a Ingila shi ne E10, mai ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin 100, wanda ke jan ruwa idan ya daɗe a tanki, ruwan kuma ya haifar da tsatsa daga ciki.

Ko taya mai zane cikakke ba hujja ba ce. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Taya na iya cika ƙa'idar zurfin zane ta milimita ɗaya da doka ta sa wa manyan babura, amma robarta ta ƙeƙashe saboda shekaru.

Saboda haka mai babur ɗin da ya sha hanya yana da abin faɗa da ba ya bukatar kunya: wannan babur ana hawansa, kuma ga tarihin kowane gyara. Masu saye da suka san kan babura sun fi natsuwa da wannan fiye da wanda aka ce ya yi mil 3,000 a shekara 12 ba tare da takarda ko ɗaya ba.

Abin da talla ta gaskiya ke ƙunsa

Abu na farko shi ne bidiyo guda, ba yanka ba haɗi. A fara da ɗora hannu a kan inji ko wuyan salansa don a nuna a sanyaye yake, domin inji mai wahalar tashi yakan ɓoye halinsa idan an riga an ɗumama shi. A kunna makulli a nuna fitilun gargaɗi sun kama sun mutu, a nuna mita, a tayar. A bar shi ya yi minti ɗaya yana aiki shi kaɗai, a zagaya baya a nuna bakin salansa. Hayaƙi mai launin shuɗi alama ce ta inji yana ƙona baƙin mai. Kada a ɗora waƙa a kan bidiyon, ƙarar injin ita ake son ji.

Na biyu, hotuna da rana tsaka ko a inuwa mai haske, da kyamara a tsarinta na yau da kullum. Dama da hagu, gaba da baya, sannan a matso: sarƙa da haƙoran da take hawa, faifan birki, ƙafafun shokozoba, ƙasan inji, cikin tanki da hasken tocilar waya, lambobin shekarar taya. Kowane ƙwarzane a ɗauke shi da kansa, a sa tsabar kuɗi a gefensa don a gane girmansa. Ƙarshen hannun babur da bakin ledar birki su ne ke fara taɓa ƙasa idan babur ya faɗi, mai saye zai duba su ko an nuna ko ba a nuna ba, gara a riga shi.

Na uku, rubutu mai kwanan wata. Yaushe aka juye mai na ƙarshe kuma a mil nawa, yaushe aka canza sarƙa, tayoyi, batir. Mene ne ya kusa ƙarewa. Mutum nawa suka riƙe shi kafin yanzu. Makulli nawa ne. Idan ya taɓa faɗuwa, a ina kuma me ya karye.

Akwai kuma abin da masu tsofaffin ƙira ke yawan yin shiru a kai. Tun 29 ga Agusta 2023, yankin taƙaita hayaƙi na ULEZ ya mamaye dukkan unguwannin Landan. Babur ɗin da bai cika ƙa'idar Euro 3 ba, wadda galibi waɗanda aka yi wa rajista daga tsakiyar 2007 ne suka cika, yana biyan fam 12.50 a duk ranar da ya hau titi. Mai zuwa aiki kwana biyar zai biya fam 62.50 a mako. Thruxton ɗin shekarun farko mai kafireta na iya faɗawa cikin wannan, kuma ana iya dubawa da lambar babur a shafin hukumar sufuri ta Landan. Mai sayarwa da ya duba ya rubuta sakamakon ya hutar da kansa daga mai saye da zai yi tafiyar awa biyu ya zo ya fasa a ƙofar gida.

Kuɗin kwalliya ba ya dawowa

Kafe resa babur ne da ke jan mai shi zuwa gyare-gyare, domin daga nan al'adar ta faro. A canza salansa zuwa mai ƙara, a cire akwatin tace iska a sa ƙananan matata, a yanke wutsiya, a sa madubi a ƙarshen hannu. Ranar sayarwa sai mutum ya tara rasit ɗin duk wannan ya ɗora a kan farashi.

Kasuwa ba ta lissafi haka. Kwalliyar da wani ya yi son ransa ne, mai saye yana da nasa. Bayan haka kowane canji yana kawo tambaya: an daidaita shigar mai bayan an canza salansa da matatar iska, ko injin yana aiki da ƙarancin fetur yana ɗaukar zafi? Wa ya yi aikin wayoyin lantarki? Kamfanin inshora kuma yana bukatar a sanar da shi duk wani canji, wani lokaci ya ƙara kuɗi. Mafi muni shi ne firam ɗin da aka yanka, domin wannan ba ya komawa yadda yake.

Wanda ya ajiye kayan asali a kwali shi ne mai wayo. Zai iya mayar da su ya sayar da babur ɗin yadda kamfani ya yi shi, ya sayar da kayan kwalliyar daban, ko ya haɗa kwalin a cikin ciniki. Wanda ya zubar da su, abin da ya rage masa shi ne ya jera canje-canjen ɗaya bayan ɗaya, ya haƙura da kuɗin da ya kashe a matsayin kuɗin jin daɗin da ya riga ya ji.

Amma ai gaskiya tana rage farashi

Wannan ita ce hujjar masu ɓoyewa, kuma ba a rasa ƙamshin gaskiya a cikinta ba. Babur mai mil 40,000 ba zai yi kuɗin mai mil 8,000 ba, komai yawan rasit. Talla mai nuna tsatsa tana samun ƙarancin masu tuntuɓa. Akwai kuma masu saye da za su ɗauki duk aibin da aka lissafa musu su mayar da shi sandar taya ƙasa.

Sai dai ya kamata a duba wane ne ke tuntuɓa. Hotunan yamma liƙis suna jawo saƙonni da yawa daga masu tsammanin sabon babur a farashin tsoho. Su zo, su ga ƙwarzanen da ba ya hoto, sai ciniki ya koma wani abu dabam. Aibin da mai kaya ya faɗa da bakinsa yana da farashi sananne, kuɗin sarƙa ko kuɗin taya, kuma an riga an cire shi. Aibin da mai saye ya gano da kansa ba shi da iyaka, domin daga nan zai fara tunanin me kuma aka ɓoye a cikin inji inda ido ba ya kaiwa. Ƙwarzane ɗaya da aka share da manhaja zai iya jawo ragin da ya ninka kuɗin fenti sau da yawa, ko mutum ya juya ya tafi.

Ta fuskar doka ma, ko a cinikin mutum da mutum a Ingila, dole kaya ya dace da yadda aka siffanta shi. Hoton da aka gyara da saƙonnin WhatsApp suna nan a wayar mai saye, kuma za su iya zama hujja. Sannan babur ba agogo ba ne ko jaka. Birkin da aka yi shiru a kansa, ko firam ɗin da ya lanƙwashe aka miƙe, ran mutum ne ke hawa a kai da gudun kilomita 100. Algus a nan ya wuce batun kuɗi.

Abin da ya dace a ɓoye

Bayyana aibin babur ba ya nufin bayyana komai. Takardar mallaka ta V5C tana ɗauke da lambar da 'yan damfara ke amfani da ita, kuma hukumar DVLA ta sha yin gargaɗin kada a ɗora hotonta a intanet. A nuna ta ido da ido, mai saye ya gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke jikin wuyan firam da wadda ke takarda. Rasit ɗin da za a ɗauka a hoto a rufe adireshi. Kada a ɗauki babur a ƙofar gida ko gareji, domin satar babura matsala ce babba a biranen Ingila, kuma hoton waya na iya ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke shi idan aka tura shi a matsayin fayil.

Wajen biyan kuɗi, hoton allo ba kuɗi ba ne. Alat na bogi da matasa suka sani a Kano da Kaduna yana da 'yan'uwa a Landan, har da manhajojin da ke kwaikwayon fuskar banki. Mai kaya ya buɗe manhajar bankinsa a wayarsa ya ga kuɗin sun zauna kafin makulli ya bar hannunsa. Mai son gwada hawa ya nuna lasisi da inshora, ya ajiye cikakken kuɗin tukuna, domin an sha ganin gwajin da bai dawo ba. Bayan ciniki a sanar da DVLA ta intanet nan take, a ba sabon mai shi koren yankin takardar, don kada tarar wani ta biyo tsohon suna.

Darasin da masu waya suka riga suka sani

Matashin da ya taɓa sayen iPhone na hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano bai bukatar a yi masa dogon bayani. Ba ya tsayawa kallon bayan waya. Yana shiga saiti ya duba lafiyar batir, ya danna *#06# ya ga lambar IMEI, ya duba tarihin gyara da Apple ya fara nunawa daga iOS 15.2 ya ga ko an canza allo ko batir. Kuma ya san bambancin ɗan kasuwar da ya ce masa tun farko batir ɗin 81 ne, an canza gilashi, da wanda ya yi shiru sai da aka gano. Na farkon ake komawa wajensa, ake kuma tura masa abokai.

Babur ma haka yake, ko Thruxton ne a Landan, ko Continental GT a Chennai, ko tsohuwar Boxer da za a ɗora a Jiji. Mutumin da ya yi shekara goma yana hawan kafe resa ɗinsa ya san kowane sauti da kowane tabo a jikinsa, kuma wannan sanin shi ne abu mafi tsada da yake da shi ranar rabuwa. Idan ya zuba shi a talla, da bidiyon sanyin safiya da rasit da lambar babur a fili, zai sami mai saye da ya zo ya tarar da abin da ya gani a waya, ya biya ba tare da dogon ja-in-ja ba. An ce gaskiya dokin ƙarfe, kuma a kasuwar dawakan ƙarfe ita ce ke fara sayuwa.